Amanar 'Ya'yan Mutane a Kan Dutse

 Yau shirinmu na faɗakarwa zai duba wata sana'a da ba kasafai ake jin labarinta ba sai ranar da wani abu ya faru. Ita ce sana'ar mutumin da iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu, 'yan shekara 13 zuwa 19, ya shiga da su daji ko ya hau da su dutse, su kwana a tanti, su dafa abincinsu da kansu, kowa ya goya kayansa a baya, sannan ya dawo da su gida cif-cif kamar yadda ya karɓe su.

Duk wanda ya taɓa zama a sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Najeriya ya san 'yan Man O' War, masu tayar da mutane da asuba da gudu da waƙa, masu sa mutum ya haura katanga ko ya bi igiya yana lilo. Asalin wannan horo daga wani lungun teku ne a ƙasar Kamaru, kusa da garin Victoria da yanzu ake kira Limbe. A can ne, a shekarar 1951, wani Baturen Birtaniya mai suna Alec Dickson ya buɗe makarantar horar da samari. A lokacin ana mulkin yankin tare da Najeriya, saboda haka daga Kudu da Arewa ake turo ɗalibai: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan En'e. Wasunsu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka ce su shiga su koyi iyo. Kafin a sallame su kuma sai sun gwada hawan Dutsen Kamaru, mai tsayin kimanin mita 4,040, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da yankin ya koma Kamaru, sai aka ɗauko makarantar zuwa Kurra Falls a Filato. Ita ce ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta yau, wadda makarantarta ta hawan dutse ke tsaunukan Shere a gefen Jos, ta ruwa kuma ke Apapa a Legas.

Shi ma Dickson aro ya yi. Mai asalin dabarar wani malami ne Bajamushe, Kurt Hahn, wanda gwamnatin Hitler ta kulle a 1933 saboda ya fito fili ya soke ta. Da aka sake shi ya tsere Birtaniya, ya kafa makarantar Gordonstoun a 1934. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura da abin da ya dame shi. Idan Jamusawa suka nutsar da jirgi, ma'aikata suka koma cikin ƙananan kwale-kwalen tsira, samari majiya ƙarfi ne ke saurin karaya su mutu, tsofaffin matuƙa kuwa su jure har a ceto su. Holt ya ga cewa samarin ba su taɓa shan wuya ba, ba su san iyakar abin da za su iya ɗauka ba. Shi ya ba da kuɗi, Hahn ya kawo tsari, suka buɗe makarantar Outward Bound a garin Aberdyfi da ke gaɓar tekun Wales, ana yi wa matasa horon kimanin wata guda. Daga nan abin ya bazu. Ya isa Amurka, inda aka buɗe reshen Colorado a 1962, kuma a 1965 wani gwanin hawan dutse, Paul Petzoldt, ya kafa makarantar NOLS a jihar Wyoming musamman don horar da jagororin kansu, domin ya ga ana samun yara masu son zuwa amma ƙwararrun masu kai su sun yi ƙaranci.

Ko wannan wahala tana da amfani? An bincika. A 1997 masanin ilimi John Hattie da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 96 kan irin waɗannan tafiye-tafiye. Sun gano cewa matasa na dawowa da ƙarin yarda da kai da iya zama da mutane, kuma amfanin ba ya dusashewa bayan an koma gida, ƙaruwa ma yake yi. Sun kuma gano cewa doguwar tafiya, wadda ta haura kwana 20, ta fi gajeriya tasiri.

To, mene ne aikin jagoran?

Mafi yawansa aiki ne da ba ya ɗaukar ido. Tun kafin ranar tafiya ya bi hanyar da ƙafarsa, ya san inda ruwan sha yake, inda za a yada zango, da inda za a sauka da gaggawa in wani ya karye. Ya karɓi takardar amincewar iyaye, ya san wane yaro ne mai asma, wane ne mai sikila, wane ne ke shan magani kullum. Ya bar wa wani a gari bayanin hanyar da za su bi da lokacin da ya kamata a gan su, da umarnin abin da za a yi idan lokacin ya wuce. Da safe yakan zazzage jakar kowa ya duba, domin matashi na iya cika jaka da biskit da lasifika ya manta da gorar ruwa. A kan hanya babba ɗaya na gaba, ɗaya na can ƙarshe, kuma ba wanda ke wuce na gaba ko ya tsaya a bayan na ƙarshe. Tafiyar ayarin duka tafiyar mafi rauninsu ce. A duk inda aka tsaya sai an ƙirga kawuna, in an tashi a sake ƙirgawa. Da dare, bayan an ci abinci, shi ne ke zagayawa da tocila yana duba ƙafafu, saboda bororon da aka ƙyale yau shi ne zai hana yaro takawa gobe.

Sai kuma aikin da ya fi wuya, wato karanta fuskoki. Yaron da ke ta surutu tun safe ya yi shiru, me ya faru? Yarinyar da ta ƙi cin abinci, kewar gida ce ko zazzaɓi? Wanene ake yi wa dariya a ɓoye? Gwanayen wannan sana'a kan raba aiki ta yadda kowa zai ɗanɗana shugabanci: yau wannan ne mai riƙe taswira da kamfas, gobe wancan ne mai rabon abinci. Idan mai taswira ya ɗauki hanyar da ba ita ba, kuma babu haɗari a cikinta, jagora kan yi gum ya bi su, har su gane da kansu bayan tafiyar awa guda. Wannan awar ta fi lacca goma koyar da yaro duba taswira.

A nan ne ginshiƙin sana'ar yake, kuma shi ne abin da wannan shiri ke son ya zauna a zukatan masu sauraro. Akwai tsoro, akwai haɗari, kuma ba abu ɗaya ba ne. Yaron da ke saukowa daga kan dutse da igiya, gwiwoyinsa na rawa, yana ganin ajali ya zo, alhali akwai igiya ta biyu a hannun malami, an ɗaure ta a wurare biyu, an gwada ta. Tsoronsa na gaske ne, haɗarin kuwa kaɗan ne, kuma daga wannan tsoron yake koyon cewa ya fi ƙarfin abin da yake zato. Amma yaran da ke wasa a cikin korama mai ruwa iya idon sawu, ga hadari ya haɗu a can kan tudu, ba sa jin tsoron komai, alhali su ne ke bakin halaka. Jagora nagari yana barin yara su sha tsoro da gajiya da yunwa daidai gwargwado, haɗarin kuma ya riƙe shi a hannunsa, ba ya raba shi da kowa.

Dalilin da ya sa ba za a bar wa matashi wannan hukunci ba yana cikin halittarsa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai. A 2005 masana biyu a Jami'ar Temple ta Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matasa sun yi tuƙi da hankali lokacin da suke su kaɗai, amma da aka zaunar da abokansu suna kallo sai gangancinsu ya ƙaru sosai, manya kuwa kusan ba su canza ba. Duk malamin sakandare ya san wannan tun kafin a auna shi. Shi ya sa jagora ba ya cewa “wa zai iya tsallake nan?” a gaban taro, kuma ba ya barin a kira yaron da ya ce ba zai hau ba matsoraci. Ana ba shi dama ya tsaya inda ƙarfinsa ya kai, sau da yawa kuma washegari shi ne zai nemi a sake gwada shi.

Yanzu ga abin da ke faruwa idan jagora ya saki wannan riƙo.

A ranar Asabar 20 ga Nuwamba 1971, ɗalibai 14 na wata sakandare a birnin Edinburgh suka tashi don ƙetare tudun Cairngorm a Sikotilan, cikin hunturu. Shugaban tafiyar ɗan shekara 23 ne. Ya raba su gida biyu: ya ɗauki masu ƙarfi ya yi gaba, ya bar shida marasa ƙwari a hannun wata matashiya da ba ta wuce shekara 21 ba, da mataimakiya 'yar shekara 18. Shirinsu shi ne idan yanayi ya ɓaci su fake a wata 'yar bukka da aka gina a kan tudun. Yanayi kuwa ya ɓaci. Iska ta taso da dusar ƙanƙara har mutum ba ya ganin gabansa. Rukunin farko ya kai bukkar ya kwana. Na biyu bai gan ta ba, suka kwanta a wani kwari a fili, ƙanƙara na binne su, har dare biyu. Ranar Litinin jirgi mai saukar ungulu ya hango jagorar tana rarrafe tana neman taimako. Da masu ceto suka isa, ɗalibai biyar da mataimakiyar sun rasu, yaro ɗaya kawai aka tono da rai. Har yau ba a yi asarar rayuka irin wannan a hawan dutse a Birtaniya ba.

Abin lura a wannan labari shi ne bukkar nan. Don ceton rai aka gina ta, amma ita ce ta ba su ƙwarin gwiwar ci gaba a lokacin da ya kamata su juya. Bayan doguwar muhawara aka rushe ta a 1975. Binciken da aka yi ya kuma nuna cewa iyayen ba su san ainihin irin tafiyar da za a yi da 'ya'yansu ba. Ƙwararrun jagorori a yau kan tsayar da lokacin juyawa tun kafin a tashi: idan ƙarfe kaza ta yi ba a kai wuri kaza ba, a koma, ko da ƙololuwar dutsen na gaban ido. Yara za su yi gunaguni, wani ma ya yi kuka. Jagoran da ba zai iya jure fushin yara 12 na yini guda ba bai cancanci a ba shi su ba.

A ranar 22 ga Maris 1993 kuma, ɗalibai takwas daga Plymouth da malaminsu da masu horarwa biyu suka shiga teku a Lyme Bay, kudancin Ingila, cikin ƙananan kwale-kwale, tafiyar da ake ganin ta 'yan awoyi ce a gefen gaɓa. Iska ta kora su cikin teku, kwale-kwalen suka cika da ruwa. Ba su da abin harba wutar neman agaji, masu horarwar ba su da ƙwarewar teku, kuma an yi jinkirin sanar da masu ceto. Matasa huɗu suka mutu. A kotu ta bayyana cewa tun kafin nan wasu ma'aikatan cibiyar da ta shirya tafiyar sun rubuta wa shugabanninta gargaɗi cewa za a yi asarar rai in ba a gyara ba. A 1994 aka ɗaure shugaban kamfanin da ke da cibiyar, aka kuma sami kamfanin kansa da laifin kisa, karo na farko a tarihin shari'ar ƙasar. A 1995 majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa masu irin wannan sana'a neman lasisi kafin su karɓi kuɗi su ɗauki yara 'yan ƙasa da shekara 18.

Labari na uku ya fi kusa da abin da manomi da makiyayi suka sani. A ranar 15 ga Afrilu 2008, a ƙasar Niyu Zilan, ɗalibai shida da malaminsu suka mutu a kwazazzabon Mangatepopo. Da suka shiga ruwan kaɗan ne. Ruwan sama da aka tafka a kan duwatsu ya gangaro, cikin ɗan lokaci korama ta zama kogi, ga bango ta dama da hagu babu wurin hawa. Duk wanda ya girma a ƙauye ya ga irin haka da damina: rafi a bushe da hantsi, kafin la'asar ya tafi da saniya, alhali ko ɗigo bai sauka a garin ba.

Wanda zai yi wannan aiki a tsaunukan Shere, ko dajin Yankari, ko Gashaka Gumti inda dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419 yake, ba dusar ƙanƙara ce damuwarsa ba. Zafi ne na farko. A watannin Maris da Afrilu tafiya ta asuba ce da yamma, tsakar rana ta inuwa ce. Jagora ba ya jiran yaro ya ce yana jin ƙishi, shi ke tsayar da ayari ya ce kowa ya sha. Yana tafe da sukari da gishiri: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan yaro ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti nan take.

Na biyu maciji, musamman kububuwa, wadda ta sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar sara. Takalmi mai rufe idon sawu, tocila da dare, da zazzage takalmi da safe suna hana da yawa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da yaron, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi. Jagora ya san wannan asibitin da nisansa tun kafin a bar gida. Na uku tsawa. Ƙara na tafiyar kusan kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga kan dutse, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Akwai na huɗu, wanda littattafan Turawa ba su tanada ba, wato tsaro. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, ba mai hankalin da zai kwashi yara ya nufi dajin da bai tabbatar da lafiyarsa ba. Dazuzzuka da dama a Arewa maso Yamma ba wurin zuwa ba ne a yanzu, kuma faɗin haka ba tsoro ba ne. Inda ake iya zuwa ma, sai an gaida mai gari, an sanar da jami'an tsaro, an ɗauki ɗan gari ko ma'aikacin gandun daji wanda ya san kowace hanya. Idan da 'yan mata a tafiyar, dole a sami mace babba a cikin jagorori, da wurin kwana da na kewayawa daban, kuma kada babba ya keɓe da yaro ɗaya inda ba mai ganinsu. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga malamin.

Masu sauraro da dama za su tuna yaran nan 12 'yan ƙwallo na ƙasar Tailan da suka maƙale a kogon Tham Luang a ranar 23 ga Yuni 2018 tare da kocinsu ɗan shekara 25. Sai ranar 2 ga Yuli masu ninƙaya suka gano su, aka gama fito da su ranar 10 ga wata. Kocin ya cancanci yabo: ya tara su wuri ɗaya, ya koya musu natsuwa don kada su ɓarnatar da ƙarfinsu, kuma ba yaro ko ɗaya da ya mutu. Amma shiga kogon da ruwa ke cikawa, a farkon damina, kuskure ne da ya jawo mutuwar wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, a wajen aikin ceto. Jarumtar da kocin ya nuna a cikin kogo ba ta kai darajar kalmar “mu koma” da ya kamata ya faɗa a bakin kogon ba.

Duk da haka, kulle yara a gida ba mafita ba ce. Matashin da bai san komai ba sai ɗaki da waya shi ma yana cikin asara, kuma yaron da ya taɓa ɗaukar jakar abokinsa da ya gaji ya haura tudu da ita ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba. Hawan Dala a Kano ko Kufena a Zariya da safiyar Asabar, tare da malamai isassu da ruwa isasshe, mafari ne mai kyau.

Saboda haka kira ga iyaye da shugabannin makarantu da masu ƙungiyoyin matasa: kafin a sa hannu a takardar amincewa, a zauna da wanda zai jagoranci tafiyar a tambaye shi. A ina ya sami horo, kuma ya iya taimakon farko? Manya nawa ne za su raka yara nawa? Ya taɓa bin hanyar da ƙafarsa? Wane asibiti ne mafi kusa, kuma da wace mota za a kai yaro can? Me zai sa ya soke tafiyar? Wanda ya amsa waɗannan dalla-dalla ba tare da ya ji haushi ba, a ba shi yaran, a yi musu addu'a. Wanda ya ce “kada ku damu, ba abin da zai faru,” a riƙe yaran a gida har a sami wani.